Shan Iska A Landan Cikin Shekarar Annoba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka, in da hali, ka ba ni fili cikin jaridarka in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani daji da ke cikin birnin Landan, da yadda mutanen wurin suka yi shan iska cikin shekarar 2020, sa'ad da cutar Korona ta hana mutum ya matsa kusa da ɗan'uwansa. Labarin asibitoci da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya riga ya kai kunnen kowa. Nawa na waje ne, ina kuwa tsammani akwai abin dubawa a cikinsa, tun ba ga ma'aikatan da ke rabon filaye a garuruwa ba.

Bari in fara da lokacin, don kada mu yi ta magana ba mu fahimci juna ba. Turawa sun kasa shekara kashi huɗu kamar yadda muka kasa tamu, amma kason bai zo ɗaya ba. Akwai wata uku, watau Maris da Afrilu da Mayu, waɗanda ke tsakanin sanyinsu da zafinsu. Na ga waɗansu masu fassara su kan kira su bazara. Wannan kuwa ruɗa mai karatu ne, gama mu in an ce bazara, abin da za mu tuna shi ne gumi da kwanan tsakar gida da rijiyar da ta ja baya. Nasu ya fi kama da kwanakin nan na bayan ruwan shuka, sa'ad da ƙasa ta yi kore shar, sai dai babu zafi. Ni dai zan kira shi lokacin toho. Wanda bai yi hunturu a Ingila ba, ba zai gane abin da ya sa su ke ɗokinsa ba. Cikin Disamba rana ta kan faɗi tun ƙarfe 4 ba ta cika ba, itatuwa su kaɗe ganye ƙaƙaf su tsaya kamar waɗanda gobara ta ci, sama kuwa kullum a murtuke. Mutum ya yi wata huɗu a haka, sa'an nan wata safiya ya ga tsiro ya faso a kan reshe. Ai dole ya so fita.

To, a daidai wannan lokaci ne, ran 23 ga Maris 2020 da dare, Firayim Ministan Biritaniya na wannan zamani, Boris Johnson, ya yi shela kowa ya zauna gida. Aka rufe makarantu da masallatai da majami'u da kantuna, ban da na abinci da na magani. Aka bar wa mutum dalilai kaɗan na fita, watau sayen abinci, da neman magani, da aikin da ba ya yiwuwa a gida, da motsa jiki sau ɗaya a yini, ko shi kaɗai ko tare da mutanen gidansa. In ya fita kuwa, ya bar mita 2 tsakaninsa da kowa, gaba guda da ɗan ɗori ke nan in mun auna da ma'aunin masu haƙar rijiya. Wanda ya karya doka 'yan sanda na iya cinsa tarar fam 60, in ya biya cikin mako 2 a rage masa rabi.

Sai Allah ya kawo wani abin mamaki. Ƙasar nan da aka sani da yayyafi da hazo, tun makon da aka kulle mutane sai sama ta washe. Ma'aikatar duban yanayi ta ƙidaya awa 626 na hasken rana cikin watannin nan uku. Kafin wannan shekara mafi yawan da aka taɓa rubutawa shi ne na 1948, awa 555, ba a kuwa wuce na 2020 ba sai cikin 2025. An ajiye wa mutum tuwo da miya ke nan, an ɗaure masa hannu.

Ni karatu ne ya kai ni, na sauka a wata unguwa ta kudu maso yammacin birnin wadda a ke kira Roehampton. A gefenmu akwai benaye dogaye masu hawa 10 da ɗoriya, waɗanda hukumar gari ta gina wa talakawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ko wane iyali da ɗakunansa a rataye can sama, babu tsakar gida, babu zaure, babu gindin itace, sai ɗan barandar da ba ta wuce shimfiɗar tabarma ba. Ku da kuka saba yaro ya fita da safe ba a sake ganinsa sai cikinsa ya kira shi, ku auna uwa mai 'ya'ya uku a hawa na 9, an ce fita ɗaya a yini. Cikin Mayu na shekarar nan ofishin ƙididdiga na ƙasar ya fitar da lissafi, gida 1 cikin 8 a Biritaniya ba shi da lambu, a Landan kuwa 1 cikin 5. Baƙar fata a Ingila ya fi Bature zama cikin gida maras fili kusan ninki 4. Sabo da haka dokar ɗaya ce a takarda, amma mai lambu yana kwance a ciyawar bayan gidansa yana karatu, na bene kuwa yana jiran fitarsa guda kamar ɗan sarƙa.

Abin da ya cece mu shi ne dajin Richmond, wanda ƙofarsa ɗaya ke bakin unguwarmu. Shi ne mafi girma cikin filayen sarauta 8 da ke Landan, eka 2,500, an kewaye shi da ganuwa mai tsawon kamar mil 8. Asalinsa ma annoba ce. Cikin 1625 Sarki Charles na Ɗaya ya gudo daga cikin birni sabo da wata annoba da ta ɓarke, ya zauna Richmond da fadawansa. Wurin ya yi masa, ya ga ya dace da farauta, cikin 1637 ya sa aka ja ganuwa aka haɗa har da gonakin mutane da makiyayarsu, suna so ba su so, aka zuba barewa. Bayan shekara 100 da 'yan kai aka ba Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, riƙon dajin cikin 1751, ita kuwa ta rufe ƙofofi, ba mai shiga sai wanda ta ba takarda. Wani mai dafa giya a garin, sunansa John Lewis, ya kai ƙara. Cikin 1758 shari'a ta ba shi gaskiya, cewa talaka na da ikon ratsa dajin da ƙafa, aka kakkafa tsani a jikin ganuwa don masu wucewa. Ni kam ba abin da ya haɗa ni da sana'ar mutumin nan, amma duk ranar da na shiga ƙofar na san albarkacin taurin kansa na ke ci.

Na kan shiga ta ƙofar Roehampton in hau wani tudu da a ke kira Sawyer's Hill. Daga can in ka waiwaya sai ka hango dogayen gine-ginen tsakiyar birni jere, kusan mil 10, ƙanana kamar an kafa kara. Sa'an nan in gangara wajen waɗansu tafkuna biyu da ke tsakiyar dajin, in zagayo gida. Masu kula da wurin sun hana motoci shiga, har kekuna ma sun hana na ɗan lokaci da suka ga sun yi yawa, sabo da haka hanyar kwalta ta zama ta masu ƙafa, faɗinta kuwa ya isa mutum biyu su gitta juna ba wanda ya karya doka.

Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. Babban filin jirgin sama na Heathrow na yamma da mu kaɗan, dā kuwa ba a minti biyu jirgi bai wuce ta kanmu yana ruri ba, har kunne ya saba. Cikin Afrilu 2020 fasinjojin filin nan suka ragu da 97 cikin 100. Da jirage suka yi shiru, ashe dajin cike ya ke da magana. Akwai maƙwaƙƙwafi yana ta sassaƙa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da ke sheƙa cikin ciyawa, ya kan tashi sama a tsaye yana waƙa ba ya numfasawa har ya ɓace wa ido, muryar kuwa tana nan. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne tsirya. Ranar da na fara jin kukanta sai da na tsaya, ga ta kore shar da jan baki da dogon wutsiya, garke guda a kan itace. Kakanninsu daga keji suka kuɓuce, suka hayayyafa, suka jure sanyin ƙasar. Turawa waɗansu na ƙinsu sabo da surutu, ni kuwa gani na ke baƙo ya gamu da baƙo.

Barewar da Sarki Charles ya zuba jikokinsu na nan, kimanin 600, iri biyu, wata ja babba wadda namijinta ya kusa ɗan maraƙi, wata kuma ƙarama mai ɗigo-ɗigo. Sun bambanta da tamu da abu guda. Tamu ƙahonta na nan har ta mutu, su kuwa mazansu su kan zubar da ƙaho ko wace shekara a wannan lokaci, wani sabo ya tsiro a lulluɓe da fata mai laushi kamar karan-miski. Ba su gudun mutum, suna kwance a inuwa suna tuƙa suna kallonka. Amma dokar dajin ta ce a bar mita 50 tsakani da su, musamman daga Mayu sa'ad da su ke haihuwa, gama uwar ta kan ɓoye ɗanta cikin duhuwa ta yi kiwo kusa, in kare ya matso ta tasam masa da mai shi. Na ce a raina, to, ga barewa an yanka mata mita 50 tun ba annoba, mu 'yan Adam 2 kaɗai aka ce, muna ta ƙorafi.

Itatuwan kuwa, akwai wani irin da su ke kira oak, waɗansu sun girmi ganuwar da shekaru ɗaruruwa, cikinsu ya rarake kamar tsohuwar kuka, mutum na iya shiga ya tsaya. Farkon Afrilu suna tsaye tsirara, kafin watan ya ƙare sun yi lulluɓi. Da ya ke hanya ɗaya na ke bi kullum, na ga abin da mai wucewa cikin mota ba ya gani, yau tsiro kamar ƙwayar gero, jibi kamar kunnen ɓera, bayan mako inuwa. A ƙarƙashinsu wani fure shuɗi mai kama da ƙaramar ƙararrawa ya kan rufe ƙasa, in ka hango daga nesa ka ce marina ce ta zube. An ce kusan rabin irinsa na duniya a Biritaniya ya ke, doka kuwa ta hana tono shi daga daji.

Yanzu sai halin mutane. Ko dā ma Baturen Ingila ba mai son a matse shi ba ne, in kun haɗu a jirgin ƙasa ya kan kafa ido a jarida kamar ba ka nan. Na zaci dokar tazara za ta ƙara masa wannan hali, sai na ga akasi. In kuka nufo juna a ƙaramar hanya, ɗaya ya ratse cikin ciyawa ya tsaya, ɗayan ya wuce ya ce ya gode, har a yi murmushi. Tsofaffin da na shekara ina wucewa ba su ɗaga kai ba, suka koma tambayata lafiya daga tsallaken hanya. Mu kuwa 'yan ƙasarmu abin ya fi yi mana nauyi. Akwai wani ɗan'uwa da mu kan yi kiciɓis a bakin tafki, mutumin da dā in mun gaisa sai hannu ya gaji. Sai mu dafa ƙirji daga nesa, mu tambayi gida da iyali da labarin ƙasa da murya sama kamar masu magana ta kan katanga, mu wuce, gama tsayawa hira ma ba ta halatta ba a lokacin.

Kowa da abin da ya samar wa kansa. Masu gudu na gudu, waɗansu da ganin yadda su ke haki ka san ba su taɓa yi ba. Iyaye na sa yara ƙidayar tsuntsaye da tattara sunayen furanni, ya zama darasin ranar ke nan tun da ba makaranta, na kuwa ga wannan dabara ce da malaminmu na ƙauye zai iya yi ba da ko kwabo ba. Yara sun zana bakan gizo sun manna a tagogi, sun zane daɓen bakin hanya da alli don mai wucewa ya yi 'yar gala-gala. Masu ɗan fegin lambu da su ke haya daga hukumar gari an yarda su je su yi noma, an lissafa shi cikin motsa jiki. Waɗanda ba su da shi suka shuka tumatir da na'ana'a cikin gwangwani a bakin taga, har irin shuka ya yi wuyar samu. Wani tsohon soja, Kyaftin Tom Moore, ya ɗaura niyyar zagaya lambun gidansa sau 100 da keken dogarawa kafin ya cika shekara 100 ran 30 ga Afrilu, don tara wa ma'aikatan asibiti fam 1,000. Aka tara fiye da fam miliyan 32.

Amma fa ba a rabu da gardama ba. Ran Asabar 4 ga Afrilu rana ta yi kyau, mutum wajen 3,000 suka shiga wani fili da a ke kira Brockwell a kudancin birni, waɗansu suka kwanta shan hantsi. Kashegari hukumar unguwar ta rufe shi. Wani babba a gabashin birni, mai suna Victoria, ya yi fiye da mako 2 a rufe. A waɗansu wurare aka ɗaure kujerun hutawa da igiya, 'yan sanda na tashin duk wanda ya zauna. Ministan lafiya, Matt Hancock, ya yi kashedi cewa in ba a daina ba za a hana fitar ma gaba ɗaya. Sai ran 18 ga watan wani minista, Robert Jenrick, ya faɗa wa hukumomin unguwanni su bar filaye a buɗe.

A nan ina da magana. Na lura masu ɗaga murya a rufe, da yawansu suna da inda za su zauna a bayan gida. In ka rufe fili, mutanen bene ba su ɓacewa, sai su koma 'yar siririyar hanyar gefen titi inda mita 2 ba ta samuwa. Binciken da likitoci suka yi daga baya kuma ya nuna cutar ta fi kamuwa cikin ɗaki rufaffe, inda numfashin mutane ke taruwa, a sarari kuwa inda iska ke kaɗawa kamuwar kaɗan ce ƙwarai. Ban ga laifin tsoron da aka ji ba, gama a makon nan shi Firayim Minista kansa yana kwance a asibiti rai a hannun Allah, kafin tsakiyar Yuni kuwa waɗanda suka mutu a ƙasar sun haura 40,000. Amma fili buɗaɗɗe na cikin maganin abin. Shi ya sa na ambaci masu rabon filaye tun farko. Duk garin da aka yanka dandalinsa da filin makarantarsa aka yi kantuna, ranar da aka ce mutane su warwatsu ba inda za su warwatsu.

Ko wace Alhamis da ƙarfe 8 na yamma, tun daga 26 ga Maris har 28 ga Mayu, mutane su kan fito ƙofa da taga su yi tafi, waɗansu su buga tukwane, don gode wa ma'aikatan asibiti. A benayenmu abin ya kan tashi kamar saukar ruwa a kan kwano. Mu muna da namu dalili, gama cikin likitocin farko da cutar ta kashe a Ingila akwai Dokta Alfa Sa'adu, mutumin Pategi, wanda ya rasu ran 31 ga Maris yana da shekara 68.

Azumi ya kama wajen 24 ga Afrilu. Rana a wannan lokaci ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8, kafin watan ya ƙare ta kai kusan 9, sabo da haka na mai da fitata bayan la'asar sakaliya, in dawo daidai shan ruwa. Ba tafsiri a masallaci, ba asham cikin jam'i. Da yamma hasken ya kan kwanta a kan ciyawa ja-ja-ja, barewa su fito kiwo, iska mai sanyi ta sa mai azumi ya manta da ƙishirwa. Ran Alhamis kuwa tafin ya kan zo gab da magariba, kamar an yi mana sanarwa. Salla ta zo ran Lahadi 24 ga Mayu ba a hau Idi ba. Na ga iyalai cikin kayan salla sun shimfiɗa darduma a ciyawa, ko wane gida nesa da wani, ana ɗaga wa juna hannu.

Zaman nan ya halatta ne don tun ran 13 ga Mayu an sassauta. An yarda mutum ya fita ko sau nawa, ya zauna, ya ci abinci a fili da iyalinsa, ya sadu da mutum ɗaya na wani gida muddin akwai tazara, an kuma buɗe wuraren sayar da dashe. Tarar kuwa aka ɗaga ta zuwa fam 100. A kwanakin nan ne tsattsewa suka iso. Yadda shamuwa ke gaya mana damina ta kusa, haka su ke gaya wa Turawa zafi ya matso. Daga ƙasashen Kwango su ke tasowa, su bi ta Afirka ta Yamma, su ƙetare Sahara da teku, ba su sauka ƙasa sai in za su yi sheƙa, cikin Agusta kuma su juya. Cikin shekarar da aka rufe iyakoki jirage suka kwanta, su kaɗai na gani sun zo daga wajenmu a kan lokaci.

Ran 1 ga Yuni aka yarda mutum 6 su taru a sarari, nan kuwa lokacin toho ya ƙare, ciyawar dajin ta fara ja sabo da rashin ruwa. An sake kulle ƙasar cikin Nuwamba 2020 da Janairu 2021, amma a waɗannan ba a rufe filaye ba. Dokokin suka ƙare a Ingila cikin Fabrairu 2022. Motoci sun koma dajin, sai dai ba a mayar musu da dukan hanyoyin da su ke bi dā ba. Wanda Allah ya kai shi Landan cikin Afrilu ko Mayu, shiga kyauta ce, sai dai ya sa takalmi rufaffe ya duba ƙafafunsa in ya fito, gama akwai kaska cikin duhuwar da barewa ke kwana.

Wassalam. Naka,
Wani malamin makaranta da ya zauna Roehampton.